Guguwa, Karen Gidanmu

'Yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinku za su yi dariya in suka ji wai ɗan Musulmi ya zauna ya rubuta labarin kare a mujallar makaranta. To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Abin da nake so in nuna shi ne, kare ma'aikaci ne, kuma duk wanda ya ajiye ma'aikaci bai ba shi aiki ba, shi da kansa zai nemo wa kansa, ko da na ɓarna ne.

Garinmu Sukuntuni yana cikin Ƙaramar Hukumar Kankiya, maƙwabciyar Kusada, a Jihar Katsina. Mu manoma ne. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne arzikinmu, sai 'yan awaki da tumaki a turke. Shekara uku da suka wuce gafiya ta addabe mu. Ta haƙa rami a gindin rumbu, ta dinga jan hatsi cikin dare. An sa tarko, an ɗura ruwa a rami, duk a banza. Guba kuwa Baba ya ce ba za a sa ba, saboda kaji da ƙananan yara. Ana cikin haka sai Kawu, ƙanen Inna, wanda ɗan farauta ne tun yana saurayi, ya zo da wani ɗan kwikwiyo ja, siriri, mai farin ƙirji. Ya ce, "Yaya, ga maganin gafiyarku." Tun ran nan ya zaga tsakar gida a guje har ya kifar da ƙwaryar dusa, shi ya sa ƙannena suka raɗa masa suna Guguwa.

Inna ba ta so ba ko kaɗan. Ta ce ita ba ta zama da kare a gidan da ake salla. Baba bai yi gardama ba, sai ya tafi wurin liman. Liman ya ce shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, ko tsaron gona, ko tsaron dabbobi, har ya ambaci aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, wadda ta yi maganar dabbobin da aka koya wa farauta. Amma ya ce kada ya shiga ɗaki, kuma in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. A kan wannan sharaɗi aka yi masa wuri kusa da turken awaki, aka ba shi kaskonsa shi kaɗai.

Kafin ya cika shekara ya gama da gafiya. In ya shinshino rami, sai ya hau tono, ƙasa na tashi ta bayansa, ba ya ɗagowa sai ya jawo mai ramin. Kowa ya yi ta yabonsa. Amma da gafiya ta ƙare, sai aka ɗaure shi, ya koma zaman kare a karofi. Nan fa fitina ta tashi. Ya cinye igiya uku. Ya yayyaga takalmin Baba na zuwa Juma'a. Ya tone gindin danga har ta kwanta. Rannan kuma ya tsinke ya faɗa gidan maƙwabta, ya kashe 'yan zabi huɗu. Magana ta kai gaban mai unguwa, Baba ya biya kuɗi, ya kuma ba da haƙuri. Maƙwabcinmu ya rantse in ya sake ganinsa a gidansa zai rotse masa kai. Inna ta ce dama ta faɗa, a mai da shi inda ya fito.

Da aka kira Kawu ya ɗauke kayansa, sai ya zauna a zaure ya ce, "Yaya, karen nan ba mugu ba ne. Uwarsa tana wuni tana gudu a daji, kakarsa ma haka. Kun ɗaure shi a turke kamar ragon layya, ina zai kai ƙarfin da Allah ya ba shi?" Ya roƙa a ba shi wata ɗaya. Ya koya wa ƙanena fito iri biyu, ɗaya na kira, ɗaya na tsayawa. Aka tsara cewa kullum da safe zai bi tumaki kiwo, da damina ya bi Baba gona ya kori kurege daga gyaɗa, da rani kuwa bayan an kawar da amfanin gona Kawu ya riƙa fita da shi neman zomo. Tun daga lokacin, in ya dawo da yamma sai ya sha ruwa ya miƙe. 'Yan tsaki har kan bayansa suke hawa, ko kallonsu ba ya yi. Da dare kuma ko motsi ya ji a bayan turke sai ya tashi kowa, abin da ba ƙaramin amfani ba ne a wannan zamani na ɓarayin dabbobi.

Da na ba malaminmu na aikin gona wannan labari, sai ya ce ai Turawa ma suna fama da irin wannan. A Ingila akwai wasu ƙananan karnuka da ake kira teriya, sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, domin aikinsu shiga rami. Wani limamin coci mai suna John Russell, mutumin Devon, ya sayi wata karya mai suna Trump a 1819 yana ɗalibi a Oxford, daga gare ta aka samo irin da ake kira Jack Russell. Tsayinsu bai kai kamu ɗaya ba, an kuma hayayyafa su ne don su koro yanyawa daga rami. Yau mutanen birni suna sayen su saboda ƙanƙanta da kyan gani, su kulle su a ɗaki su tafi ofis, su dawo su tarar an yayyaga kujera. Ashe halin Guguwa ba na karen ƙauye ba ne kaɗai, halin duk karen da aka haifa don aiki ne.

Akwai kuma wani haƙƙi da ya fi gudu da abinci muhimmanci, wato allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Yara ƙanana suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya gwada allurarsa a kan wani yaro da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu. A nan Nijeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. Karen farauta ya fi kowane bukatarta, tun da yana cuɗanya da namun daji da baƙin karnuka. Saboda haka duk shekara Baba yakan kai Guguwa wurin malamin dabbobi. Wanda kuma kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya garzaya asibiti ran nan, kada ya tsaya jiran ya ga ko karen zai haukace. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ke damuna yanzu shi ne, ni ina makarantar kwana, ƙanena mai fita da shi kuwa baɗi zai zo aji ɗaya. Kawu ƙafa ta fara ciwo. In babu mai fita da Guguwa, ba shakka igiya za ta dawo wuyansa, zabin maƙwabta kuma su shiga uku. Baba ya ce in haka ta faru gara a ba da shi ga wani ɗan farauta da a zalunce shi. Raina ba ya so, amma na san gaskiya ya faɗa. Abin mamaki, Inna ce ta ce a dakata tukuna, wai autarmu ta kusa isa kora tumaki.

Iyayenmu da 'yan'uwana, ga shawarata. Kafin ku karɓi ɗan kwikwiyo, ku tambayi kanku: wane aiki zai yi, wa zai fita da shi kullum, wa zai ciyar da shi, wa zai kai shi allura? Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Wanda ba shi da amsar waɗannan tambayoyi, ya bar wa masu ita. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ya sa a hannunmu, amin.