Tsohon Babur da Buhun Hatsi a Garagumsa

Da kaka, a hanyar da ta ratsa Garagumsa daga Damagaram zuwa Tasawa, ba a rasa tsohon Kasea ko Haojue ɗauke da buhun hatsi mai kilo 100, bayansa ya zauna har taya na gogar madigadi. An ƙera shi don mutum biyu, amma gida ya ƙaru, kaya suka ƙaru. Mai babur ya tsaya gaban makaniki a Takeita yana juya shakazoba biyu a hannu. Sifirin ne ke riƙe nauyi, man da ke ciki kuma shi ke hana tsalle; in man ya tsiyaye, kowane rami sai ya sauka a ƙugun direba. Dole a auna tsawo daga ƙulli zuwa ƙulli, a canja na baya biyun tare. Mai taurin sifirin ya fi ɗaukar buhu, sai dai ranar da tsohuwar mai babur za ta asibiti a Damagaram, ita za ta sha girgiza. Shi ya sa yake daɗewa bai zaɓa ba, yana lissafin waɗanda babur ɗin zai ɗauka kafin damina.