Rigar Farauta: Ta Gado da ta Gwanjo

Bahaushe na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma bai faɗi yadda za a yi ba idan abin da uban ya bari ya daina wadatar da ɗan a zamaninsa. Wannan ita ce matsalar da ta sami wani malamin firamare a wani ƙauye da ke kudancin Jihar Kano, can wajejen Tudun Wada. Gidansu gidan mafarauta ne tun kaka da kakanni. Shi kaɗai ne a cikin 'yan'uwansa ya yi zurfi a karatun boko har ya zama malami, amma alli bai raba shi da daji ba. Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, to duk ranar Asabar da asuba za a gan shi ya nufi saura da bakin fadama neman fakara da zabin daji. Ba ya shiga dajin Falgore, domin gandu ne na gwamnati da aka hana farauta a cikinsa.

Da mahaifinsa ya rasu, abubuwa uku suka faɗo a rabonsa: bindigar toka, da burgame na fatar akuya, da rigar farauta. Rigar 'yar shara ce ta saƙi mai kauri, wadda rini da gumi da hayaƙin albarushi suka mayar da ita launin ƙasa. An jera mata layu a ƙirji da kafaɗu, wasu an ɗinke su da jar fata, wasu da baƙa. Ba ta da aljihu ko ɗaya. Duk abin da maharbi yake buƙata, kama daga ƙahon albarushi, da harsashi, da wuƙa, har zuwa guzuri, cikin burgame yake tafiya. Tsuntsun da aka harbo kuwa, ko dai a cusa shi a cikin burgamen tare da sauran kaya, ko a ɗaure ƙafafunsa da igiya a rataya a ƙugu.

Shekara da shekaru malamin yana sa rigar nan, kuma ya san lahaninta sarai. Layun suna da nauyi, saƙin yana riƙe zafi, ga shi a watannin Maris da Afrilu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40. Burgame kafaɗa ɗaya yake ci. Zabon daji guda yakan yi kilo ɗaya da ɗoriya, fakara kuma kusan rabin kilo, saboda haka wanda ya yi sa'ar zabi uku sai ya dawo gida a karkace. Haka kuma jini yakan jiƙa cikin jakar, albarushi kuwa ba ya shiri da danshi. Duk da haka bai taɓa tunanin sauya ta ba, domin a duk lokacin da ya zura ta yakan ji kamar tsohon yana tafe a bayansa.

Abin da ya sauya masa tunani ya faru ne wata Asabar da suka fita su biyar, har da babban ɗansa mai shekara goma sha huɗu, wanda aikinsa shi ne ya bi da kare cikin ciyawa ya taso tsuntsaye. Yaron na sanye da wata tsohuwar taguwa da ƙura ta rine. Ya kutsa cikin gamba wadda ta fi shi tsawo, sai wani ɗan baffan malamin ya ga ciyawa na motsi, ya ɗaga bindiga ya saita. Allah ya sa yaron ya yi tari. Mutumin ya sauke bindigar hannunsa na rawa, yana ta salati. Ba wanda ya sake cewa uffan har suka koma gida, kuma malamin bai gaya wa uwar yaron ba. A daren nan bai runtsa ba. Ya gane cewa launin da yake ɓoye maharbi daga tsuntsu, shi ne kuma yake ɓoye shi daga ɗan'uwansa mai bindiga.

Da aka yi albashi sai ya shiga Kano, ya zarce kasuwar Ƙofar Wambai inda ake kwance dilolin gwanjo. Ya yi wa wani mai tebur bayanin abin da yake nema, shi kuwa ya tono masa falmaran iri biyu. Ta farko mai dabbare-dabbaren kakin soja ce, aljihunta ya kai goma, ga ta da araha.

"Malam, wannan ita ce daidai da kai," in ji mai kayan. "Ko zaki ba zai gan ka ba."

"Ai ni so nake a gan ni, Alhaji," in ji malamin, ya mayar masa da ita.

Yana da dalili na biyu da bai faɗa ba. Hukumomin soja sun sha gargaɗin farar hula game da sa tufafi masu kama da kakinsu, kuma a wannan zamani na 'yan bindiga, mutumin da aka gani a daji da irin wannan shiga, riƙe da makami, zai iya rasa ransa kafin ya buɗe baki ya yi bayani. Bai manta da abin da ya faru a watan Maris na 2025 ba, lokacin da aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, a garin Uromi na Jihar Edo, bayan an ga bindigogin toka a motarsu an zarge su da satar mutane. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa maharbin yau dole ne ya yi tunanin yadda mutane za su fassara kamanninsa.

Falmaran ta biyu ita ce ta ɗauki hankalinsa. Jikinta yadi ne mai kauri launin ƙasa, amma kafaɗunta da bayanta ruwan goro ne mai ɗaukar ido. A gaba tana da manyan aljihu biyu, a cikinsu an jera 'yan madaukai na roba inda ake soka harsasan bindigar Turawa. A bayanta kuma akwai wata babbar jaka da ta zagayo tun daga kwiɓi zuwa kwiɓi, an shimfiɗa mata leda a ciki don kada jini ya ratsa, ga zif da ake zugewa a wanke ta. Irin wannan riga an ƙirƙire ta ne domin masu farautar tsuntsayen tudu a Amurka, waɗanda suke wuni suna tafiya a gonaki da makiyaya suna neman salwa da danginta, da wani tsuntsu mai dogon wutsiya da aka kai can daga ƙasar Sin, wanda jihar Dakota ta Kudu ta yi suna da farautarsa. Hikimar jakar baya ita ce nauyi ya rabu a kan kafaɗu biyu, hannuwa su zama a sake domin riƙe bindiga. Ruwan goron kuwa don mafarauta su riƙa hango juna ne, har ma jihohi da dama sun wajabta sa shi a wasu nau'o'in farauta. Su ma can ba su tsira daga irin abin da ya kusa faruwa a cikin gamba ba. A watan Fabrairu na 2006, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, ya harbi abokinsa bisa kuskure suna farautar salwa a jihar Texas, ko da yake mutumin bai mutu ba.

Malamin ya gwada ta a kan taguwarsa, ya ɗaga hannu kamar mai saiti ya ji ko za ta riƙe masa hammata, ya kai hannu baya ya ga ko zai iya jefa tsuntsu a jakar ba tare da ya tuɓe ba. Sannan ya yi ciniki ya biya.

Wahalar tana gida. Baffansa, ƙanen mahaifinsa, shi ne babba a cikin maharban ƙauyen, kuma ba a shigo da sabon abu cikin sana'ar sai an nuna masa. Bayan sallar la'asar malamin ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa rigar a kan tabarma. Tsohon ya daɗe yana jujjuya ta, ya shinshina, ya zura hannu cikin jakar bayan.

"Ɗana, wannan ta masu gyaran titi ce ko ta maharba?"

"Ta maharba ce, Baffa, amma na wata ƙasa."

"To tsuntsayen ƙasar makafi ne? Zabuwar da ke hango ƙiftawar idonka, ita za ka tunkara da wannan wuta a kafaɗa? Kuma ina za ka kai rigar yayana?"

Tambayar ƙarshe ita ce ta fi yi masa nauyi, ya sunkuyar da kai bai amsa ba. A kan ta farkon kuwa ya so ya yi gardama irin ta 'yan boko, amma ya tuna sai an gwada akan san na ƙwarai.

Asabar uku ya yi yana gwaji, kuma sakamakon bai goyi bayan kowa gaba ɗaya ba. Baffa ya yi gaskiya game da zabi. Tsuntsaye suna bambance launi ƙwarai, kuma sau biyu garke yana watsewa tun malamin bai kai inda bindigarsa za ta iya cim musu ba. A nan ne ya fahimci abin da bai lura da shi ba a kasuwa. Baturen da aka ɗinka wa rigar ba ya sanɗa. Karensa ne yake gano tsuntsu ya tsaya ƙyam, a taso shi, a harbe shi yana sama, da bindigar da ake sake ɗura wa harsashi cikin ƙiftawa da bismilla. Mai bindigar toka kuwa harbi ɗaya gare shi kafin ya tsaya ya sake ɗuri, don haka dole ya rarrafa ya matso kusa, ɓuya kuma ita ce rabin sana'arsa. Kowace riga an yanka ta ne daidai da irin farautar masu ita. Madaukan harsashin nan ma ba su yi masa amfanin komai ba, ledar cikin jakar kuma ta riƙe zafi, har fakarar da ya harbo da hantsi ta fara sauya wari kafin azahar.

A ɗaya ɓangaren kuma, karo na farko ke nan da ya dawo daga daji kafaɗarsa ba ta yi tsami ba. Albarushinsa bai jiƙe ba, tun da ba ya haɗuwa da nama. Wuƙarsa tana gaba inda hannu zai kai nan take, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga Musulmi, domin tsuntsun da aka tarar da sauran rai dole a yanka shi kafin ya halatta. Sannan duk inda ya shiga, 'yan'uwansa sun san inda yake.

Daga nan sai ya daina tambayar kansa wace riga ce ta fi, ya koma tambayar wane aiki kowane ɗayansu yake yi a dajin. Mai sanɗa yana buƙatar ɓuya. Mai taso tsuntsu kuwa ba ruwansa da ɓuya, hasali ma so ake tsuntsu ya gan shi ya tashi, kuma shi ne ya fi kowa shiga gaban bindiga. Da ya kai nan, sai amsar ta fito da kanta. Ya kai falmaran wurin tela aka rage mata faɗi, ya ba ɗansa. Yaron ya zama shi ne mai ɗaukar tsuntsaye, aka kuma yi ƙa'ida cewa duk wanda aka harbo za a yanka shi, a cire kayan cikinsa, a bar shi ya sha iska kafin a jefa a jaka.

Shi kuwa malamin ya sayi yadin kaki mara dabbare, ya zauna da telan suka fitar da wata 'yar shara bisa tsarin ta gwanjon. Aka yi mata jakar baya mai ƙofofi a gefe don iska ta ratsa, da aljihun ƙahon albarushi a dama, da mazaunin wuƙa a hagu, da wani ƙaramin aljihu a ciki inda yake ajiye takardar izinin riƙe bindiga da katin shaidarsa, a naɗe cikin leda. Ya kuma sa aka ɗinka masa hula mai fuska biyu, ɗaya launin ƙasa don lokacin sanɗa, ɗaya ruwan goro don lokacin da aka bazu cikin doguwar ciyawa.

Saura rigar gado. Ya wanke ta, ya shanya, ya ninke, ya kai wa Baffa, ya ce a ajiye ta a ɗakinsa, ya riƙa karɓa ranar da maharba suke fita kilisa da kiɗa da kirari. A wannan zaman ne ya ba tsohon labarin abin da ya faru a cikin gamba, wanda har lokacin ba wanda ya gaya masa. Baffa ya yi shiru mai tsawo. Bai ce malamin ya yi daidai ba, kuma har yau bai daina kiran falmaran ɗin rigar masu gyaran titi ba. Amma da aka tashi fita Asabar ta gaba, shi ne ya tsayar da mutane a bakin gari, ya dubi yaron ya ce, "Kai, ɗan nan, ina jar rigar taka? Koma ka sako ta, muna jiranka."

Burgamen dai malamin bai rabu da shi ba. Yanzu guzuri da gorar ruwa yake zubawa a ciki, kuma ran Litinin yakan rataya shi ya tafi da shi aji idan darasin ya zo kan sana'o'in Hausawa na gargajiya.

Tambayoyi

1. Kawo lahani uku na rigar gado da amfani uku na rigar gwanjo kamar yadda suka zo a cikin wannan rubutu.
2. Me ya sa launin da ya dace da mai taso tsuntsu bai dace da mai sanɗa ba?
3. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi, sannan ka sa kowace a cikin jimla: burgame, falmaran, saura, sanɗa, ɗuri.
4. Zaɓi wani kayan aiki na gado a sana'ar gidanku, ka rubuta shafi biyu a kan yadda zamani ya shafe shi.