Ƴan kwana-kwana na birnin Yamai

Baƙon da ya sauka Yamai ba ya kwana biyu bai ji kukan jar mota ba. Motar ƴan kwana-kwana ke nan, waɗanda mutanen birni ke ce ma pompiye. Sojoji ne, amma wuta suke yaƙi da ita. Lambar wayarsu 18.

Babbar Kasuwa ta san gobara. A shekarar 1982, zamanin Shugaba Seyni Kunce, wuta ta cinye ta ƙurmus, ƴan kasuwa da yawa suka wayi gari ba ko tsinke. Sai a 1987 aka buɗe sabuwa, ginin siminti. Ƙaramar Kasuwa ma ta ƙone a 2012.

Birni ya yi ta faɗi, aka ƙara ma ƴan kwana-kwana bariki da motoci. Amma gini ya fi su sauri. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, yara 20 suka rasu. Zana ce irin wadda ake rumfa da ita a ƙauye.

Da damina kuma, in kogin Isa ya cika ya shiga gidaje, su ake kira su fid da mutane.