Matar da ke bayan naira ashirin

Jama'ar unguwa, wata 'yar kunya ta same mu a hutun da ya wuce, mun ga gara mu faɗa. Mun aiki yara sayen sabulu, da suka dawo sai ƙaramar ta juya canjin naira ashirin ta ce, "Baba, wace ce wannan mai gina tukunya?" Muka yi tsuru-tsuru. Shekararmu goma sha biyu da barin gida muka zo Suleja neman abinci, kullum kuɗin nan na shiga hannunmu, amma ba mu da amsa.

Wani maƙwabcinmu ɗan gari ne ya fisshe mu. Ya ce, "Ai Ladi Kwali ce, kuma a garin nan ta yi aiki." Ashe tun Suleja na amsa sunan Abuja, wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya ga randunanta a fadar Sarki Sulaimanu Barau. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a nan a farkon shekarun 1950. Ladi, 'yar Gbagyi daga Kwali, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Gani ya kori ji. Ran Asabar muka kwashi yara, maƙwabcin ya kai mu wurin wata tsohuwa maginiya a bayan gari. Muka tarar da ita sunkuye, ba inji ba komai, tana zagaya tukunyar da ƙafa, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, tana shafewa da jiƙaƙƙen tsumma. Da ta gama ta ɗauki ɗan tsinke ta zana ƙadangare a wuyan randar, irin zanen da aka san Ladi da shi: kada, kunama, kifi, hawainiya.

Muka ce, "Mama, me ya sa ruwan randa ke sanyi?" Ta ce, "Malam, randa zufa take yi, iska na busar da zufar, ruwan ciki na sanyi." Ta ƙara da cewa wadda aka shafa wa sheƙi aka gasa da wuta mai ƙarfi, irin ta makarantar Bature, ta fi kyau a ido, amma ba ta zufa, sai dai ado.

Da muka tambayi ciniki, sai ta yi murmushi. Roba ta cinye kasuwa, ta ce, 'ya'yanta kuma ba mai son taɓa laka. Nan jikinmu ya yi sanyi, don a gidanmu ma bokitin roba ne da ruwan leda, in an ɗauke wuta mu sha da ɗumi muna mita.

Mun sayo randa biyu, ba mu taya ba. Ɗaya na zaure yanzu da moɗa a kai, duk mai wucewa bismilla. Ƙaramar kuwa ta dawo da curin yumɓu a leda, ta gina wani abu da ta ce kasko ne. Ta ce sai mun mayar da ita Asabar mai zuwa. Wanda ke son yaransa su bi mu, ya yi sallama bayan azahar.