Ɗiyata ta ce sikoloji take so, ba alli ba

Ranar da sakamakon bak ya fito, gidanmu ya cika da guɗa. Bayan isha'i, da baƙi suka watse, ɗiyata ta fari ta zauna gefen tabarmata ta ce: "Baba, sikoloji nike son in karanta." Uwarta da ke kwashe kwanuka ta tsaya cak, ta ce wane aiki ke nan kuma? Washegari yayana ya ba ta amsa: wai likitan mahaukata. Ya ce ɗiyar malami malanta ta dace da ita, ta yi karatunta ta fito ta kama alli.

Ni dai ban tanka ba, don maganar ta tono mini tsohon miki.

Sama da shekara 20 da suka wuce, ina makarantar horar da malamai ta Maraɗi, ba darasin da ya shiga raina kamar na halayyar yaro. A nan na fara jin sunan Jean Piaget, mutumin ƙasar Suwis, da gwajinsa na ruwa. Ka zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, yaro ya yarda ɗaya suke. Ka juye ɗaya cikin kwalba doguwa siririya a gaban idonsa, ɗan shekara biyar zai rantse na kwalbar ya fi yawa. Sai ya kai wajen bakwai yake gane ruwan bai ƙaru ba. Da aka tura ni ƙauye, cikin ajin zana, na gwada da kaina, haka kuwa aka yi. Na so in wuce Yamai in karanta ilimin halayyar ɗan Adam sosai, amma tsohona ya manyanta, ga ƙannai. Na karɓi kwantiragi, shi ke nan.

A 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, aka kawo mini wani yaro ɗan kamar shekara tara. Ba ya magana. In babur ya wuce sai ya shige ƙarƙashin tebur. Na ɗauka taurin kai ne. Wata rana na daka masa tsawa na ɗaga bulala, ko da yake na san an hana, sai yaron ya saki fitsari a tsaye. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Wata matashiya mai aiki da ƙungiyar agaji ce ta buɗe mini ido. Sikoloji ta karanta. Ba ta tambaye shi komi ba, takarda da fensir kawai ta ba shi, ya yi ta zana babura. Ta ce mini: "Mushe, ku zaunar da shi kusa da ƙofa inda zai ga waje, kuma kar ku kira shi ta baya." Abin da ta faɗa ke nan. Bayan ƴan makonni yaron ya fara amsa sunansa. Shekaruna da yawa a gaban allo, amma wannan ban san shi ba.

To sai dai uba ba ya lissafi da zuciya kaɗai. In ta bi malanta, ko ta babbar makarantar horar da malamai ta Yamai ko ta tsangayar ilimin koyarwa da ke Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, aiki na jiranta, don ƙasarmu ba ta rabo da neman malamai. Albashin ɗan kwantiragi ba ya kai ƙarshen wata, na fi kowa sani, amma yana zuwa. Sikoloji kuwa, a Jami'ar Abdou Moumouni, shekara uku na lisans ba za su ishe ta ba, sai ta ƙara biyu na masta. Shekara biyar ke nan na ci da sha da sufuri daga aljihuna, ga ƙannenta huɗu a baya. Bayan haka ina aikin? Guraben asibiti kaɗan ne. Mutanenmu in damuwa ta same su wurin liman ko malami suke zuwa, wasu wurin boka, ba ofis ba. Sauran aikin na ƙungiyoyi ne, a Difa, Tilaberi da nan gida, kuma ranar da kuɗin shiri ya ƙare aiki ya ƙare. Ita matashiyar nan ma, daga baya na tarar da ita zaune a gida tana jiran kira.

Duk na shimfiɗa wa ɗiyata wannan, ban rage komi ba. Sannan na tambaye ta me ya ja ta. Ta ce: "Baba, kun manta yaron nan mai zana babura? A nan tsakar gida kuka ba Inna labarinsa, kuna share ido." Ashe tana ji.

Na ce ta tafi, bisa sharaɗi guda: duk lokacin da ta zo gida lakwal na buɗe, za ta zauna bayan ajina ta koyi riƙe yara. In ƙungiyoyi sun rufe ƙofa, allo na nan. Yayana ya ce na ɓata yarinya, uwarta kuma har yanzu ba ta gamsu ba. Raguna biyu da nike kiwo, na riga na yi wa dillali magana.