Ƙasar Tangale-Waja da Iyakokinta

In mutum ya tashi daga Gombe ya kama hanyar Numan, yakan fara wuce Kumo, sa'an nan ƙasa ta soma tashi. Kafin mu kai Billiri muka hango Dutsen Kilang, wanda ya miƙe tsaye shi kaɗai kamar turmin da aka kife. Daga nan har Cham, duwatsu ba su rabu da idonmu ba. Wannan ita ce ƙasar da iyayenmu suka sani da sunan Tangale-Waja.

Sunan ya daɗe, amma hukumar da ke bisansa ta sāke sau da yawa. A zamanin Turawa ƙasar tana cikin Lardin Bauci, Di'o kuwa yana zaune a kan tudun Tula, inda tsohon kurkuku yake har yanzu. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 ta koma Jihar Bauci, a 1996 kuma aka yanka Jihar Gombe ta faɗa ciki. Dattijon da bai taɓa barin gidan ubansa ba ya zauna a jiha uku ke nan! Yanzu an raba ta ƙananan hukumomi 4 daga cikin 11 na jihar: Billiri, da Kaltungo, da Balanga mai hedkwata a Talasse, da Shongom mai hedkwata a Boh. Daga kudu tana iyaka da Jihar Taraba wajen duwatsun Muri, daga gabas kuma da Jihar Adamawa.

Amma rabon gwamnati dabam, na sarauta dabam. Akwai Mai Tangale a Billiri, da Mai Kaltungo, da Mai Tula, da Folo Dadiya, da Bala Waja. Tula tana cikin ƙaramar hukumar Kaltungo, duk da haka da sarkinta. Dadiya da Cham da Waja kuma suna tarayya a Balanga, kowa da harshensa. Masana sun ce Tangale dangin Hausa ne na nesa, amma Tula da Waja da Dadiya daga wani tushe dabam suke. Shi ya sa a kasuwa da Hausa ake ciniki.

Me ya tara harsuna haka a wuri kaɗan? Duwatsun ne. A dā kowace kabila ta riƙe nata dutse domin tsoron mahara, tana noma a gangarensa. A Tula mun ga yadda aka jera duwatsu hawa hawa domin kada ruwa ya kwashe ƙasar gona, aikin da ya ci ƙarfin kakanni ba kaɗan ba. Da zaman lafiya ya samu, mutane suka sauko fili neman gonaki masu faɗi. A nan wahala ta fito, gama dutse yana da mai shi, amma filin da ke tsakani ba wanda ya taɓa auna shi. Rikicin gona tsakanin mutanen Billiri da maƙwabtansu na Kaltungo da Shongom ya sha cin rayuka da amfanin gona, yawanci da faɗuwar damina. A ganinmu layin da aka ja a takarda a ofis bai isa ya raba wannan gardama ba, sai dattawan da suka san kowace kuka da kowane rafi sun taka wurin tare.

Daga Cham hanya ta gangara, duwatsu suka koma bayanmu, muka shiga ƙasar Adamawa muna fuskantar kwarin Binuwai.