Yadda na kashe dubu 38 na sayi abin da nake da shi

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Jiya wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya tare ni a bakin situdiyo yana tambayata wane girafik kad zai saya wa tsohuwar destof ɗin yayansa. Na ba shi amsa a tsaitsaye, amma da na koma ɗaki sai na ga ban yi masa adalci ba, don na ɓoye masa ɓangaren labarin da nake jin kunya. To ga shi nan duka, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Duk wanda yake jami'a a 2022 ya san yajin aikin ASUU da ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cif. Lokacin ina aji uku a sashen zanen gine-gine na ABU Zariya. Da zaman gida ya ishe ni, sai Umma ta ce in tafi Abuja wurin Kawu, ko Allah zai sa in sami abin yi. Kawu direba ne, yana zaune a Durumi, can bayan Area 1, a ɗaki biyu da iyalinsa. Ni da yaransa maza muke kwana a falo.

Wata rana ya dawo da wata ƙatuwar baƙar kwamfuta a but ɗin mota. Ofishinsu ne suka yi gwanjon tsofaffin kaya, ya karɓe ta a kuɗi kaɗan. Ya ce, "Ga ta nan, ɗana. Ni ban san kanta ba, amma na ji ana cewa ta masu zane ce."

HP Z420 ce, ƙirar da ta fito a 2012. Da na cire murfin gefe, wanda ko sukundireba ba ya buƙata, sai na ga Xeon E5-1620 da RAM gig 16. Irin waɗannan injinan an yi su ne don su wuni su kwana suna aiki a ofisoshin injiniyoyi. AutoCAD da SketchUp suna tafiya lafiya lau. Matsalar ɗaya ce: katin da ke ciki Quadro K600 ne mai gig 1 kacal. Da zarar na buɗe Lumion sai komai ya tsaya cak, in juya gini sai na jira kamar mai jiran albashi.

A daidai lokacin na fara samun ɗan aiki wurin wani magini da ke yi wa mutane gidaje a wajen Lugbe. Fulan na ƙasa nake zana masa, amma ya ce masu gida sun fi son su ga hoton gidan da fenti da fitilu da mota a ƙofa, kuma in zan iya fitar da wannan zai ninka mini kuɗi. Nan fa ido ya rufe.

Ina da dubu 18 da na tara. Umma kuma ta turo mini dubu 20 daga adashinta, ta ce in ajiye don rajista in an koma makaranta. Ku riƙe wannan a ranku.

Na shiga intanet na ga wani ya sa GTX 1050 Ti mai gig 4, wai sabo a kwali, dubu 45. A lokacin ko na hannu ya fi haka. Maimakon arahar ta tsorata ni, sai ta ruɗe ni. Muka yi ciniki ya bar mini a 38. Ya ce ba shi da shago, mu haɗu a bakin titi. Na je, na buɗe kwali, na ga kati mai fanka biyu da sitika tana ƙyalli. Na tura kuɗi, har da yi masa godiya. Ban gwada ba. Ban tambayi kowa ba, don kada a ce mini in dakata.

Daren nan na sa kati, hoto ya fito, Windows ta rubuta GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro. Na yi hamdala. Sai dai direban da na sauke daga shafin Nvidia ya ƙi hawa, sai wanda ke cikin wani ɗan faifai da aka jefo a kwalin. Na buɗe Lumion na ɗora gidan magini. Ko minti biyu ba a yi ba allon ya cika da wasu layuka kore da ja, sannan manhajar ta rufe kanta. Na sake, haka. Na sake, haka. Har aka ɗauke wuta ina zaune a duhu ina zufa.

Washegari na sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z. Tana buɗewa sai ga tambarin gargaɗi a gefen sunan katin, alamar jabu ne. Na duba adadin ƙwayoyin aikin da ke cikinsa, waɗanda ake kira CUDA: 192. GTX 1050 Ti na gaskiya 768 gare shi. Abin da na saya GTS 450 ne, katin 2010 mai gig 1, aka sauya masa suna a cikin BIOS ɗinsa don ya riƙa yi wa Windows ƙarya. Shi ya sa duk lokacin da aiki ya wuce gig 1 sai ya nemi wurin ajiyar da babu shi, ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na duba tsohon K600 ɗin da na cire na ajiye a leda. Shi ma ƙwayoyinsa 192, shi ma gig 1. Wato kuɗin rajistata na ɗauka na sayo kusan abin da nake da shi. Na kira lambar mutumin, a kashe. Har yau a kashe take.

Kwana uku ban faɗa wa kowa ba. Matar Kawu ta lura ba na cin abinci, ta yi zaton zazzaɓi ne. A dare na huɗu, bayan isha'i, muna zaune a waje da Kawu muna shan iska, sai na ce, "Kawu, akwai maganar da nake so in gaya muku, amma ku yi haƙuri." Na kwashe komai na faɗa masa, har da kuɗin Umma.

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ka gwada kafin ka biya?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni da ban yi boko ba, ko tayar hannu ba na saya sai an hura ta an tsoma a ruwa a gabana. Araha ba ta ado, yaro." Bai ƙara da faɗa ba. Sharaɗi ɗaya ya sa mini: in kira Umma da bakina kafin gari ya waye. Wallahi wannan kiran ya fi asarar kuɗin ciwo. Ta yi salati, ta ce Allah Ya mayar da alheri, ta kashe waya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga nan na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wato karatu. Ga abin da na koya, kuma shi ne ainihin amsar tambayar ƙanenmu.

Na farko, kafin ka kalli kati, kalli akwatin wutar kwamfutarka, wato pawa saflai. Ramin da ake soka kati a jikin madabod, PCIe, wat 75 kawai yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci sai an jona masa ƙarin waya: mai ido shida tana ƙara wat 75, mai ido takwas tana ƙara 150. Tawa an rubuta wat 600 a jikinta, kuma akwai waya mai ido shida guda ɗaya a naɗe a gefe. Ka duba taka da idonka, don ba duka suke zuwa da ita ba. Kuma kada ka ce za ka sayo pawa saflai na kasuwa ka musanya, domin irin waɗannan injinan filoginsu daban ne da na destof ɗin gama-gari.

Na biyu, in babu wannan waya, tsaya a kan katin da ramin kaɗai ke ciyarwa, kamar GTX 1050 Ti na gaskiya ko GTX 1650 da ya fito a 2019. Guji 'yar wayar nan da ake jonawa daga filogin hadis zuwa kati. Ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyin ba, tana iya narkewa.

Na uku, auna tsawon wurin da tef kafin ka fita daga gida. Akwai katin da zai tokare kejin hadis, murfi ya ƙi rufuwa.

Na huɗu, wannan alamar da na san ta da ban yi asara ba: duk GTX na jerin 10, irin su 1050 da 1060, ba sa zuwa da shuɗin ramin VGA. Nawa na jabu yana da shi ƙuru-ƙuru. In monitarka tsohuwa ce mai VGA, sai ka haɗa da 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA.

Na biyar, kada ka yar da tsohon katinka. Xeon irin wannan ba shi da nasa hoton a ciki. Ranar da sabon ya mutu, in ba ka da na ajiya, baƙin allo za ka zauna kallo.

Sai Allah Ya kawo sauƙi ta inda ban zata ba. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta daina amfani da tsarin da ake haƙo ta da girafik kad. Ba irin mainin ɗinmu na danna waya ba, wannan ɗakuna ake cikawa da katuna suna aiki dare da rana. Da abin ya tsaya, masu su suka fara zubar da kaya a kasuwa a duniya baki ɗaya, farashin na hannu ya sauko. Ni kuma na ci gaba da zana wa magini fulan da tsohon K600 ɗina. Kawu ya ranta mini cikon, ya rubuta a ɗan littafinsa na lissafin mai, a gabana.

Farkon Oktoba muka ɗora kwamfutar gaba ɗaya a mota muka nufi Banex Plaza da ke Wuse 2. Shago na uku da muka shiga na ce wa mai shagon, "Oga, GTX 1060 mai gig 6 nake so, amma sai an sa a injina na gani." Ya yi dariya ya ce ai wanda ya zo da injinsa an taɓa cizonsa. Na zaɓi wannan katin ne don wat 120 yake ci, waya mai ido shida ɗaya ta ishe shi. Akwai RX 580 mai gig 8 da ya fi araha, amma wat 185 yake ja kuma ido takwas yake nema, sai na haƙura.

Muka sa, na buɗe GPU-Z daga filashina: ƙwayoyi 1280, gig 6, babu gargaɗi. Ku lura, akwai 1060 mai gig 3, ƙwayoyinsa 1152 ne, kada a haɗa ku da shi a farashin babban. Na kunna FurMark na bar shi minti 20 ina kallon zafinsa, ina sauraren fanka ko tana gurnani. Kawu yana tsaye ya harɗe hannu kamar mai sayen rago. Sai da aka rubuta mini rasit da alƙawarin sati biyu sannan na biya.

A gida na goge tsofaffin direbobi da DDU, na sa sabo daga shafin Nvidia, ya hau ba gardama. Na ɗora gidan nan dai na magini. Ya juya sumul. Hoton farko da ya fito, yaran Kawu suka taru suna gardamar wane ɗaki ne na wane.

Bayan sati biyu aka janye yajin aiki. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna bai dawo aiki ba tun harin 28 ga Maris, don haka mota na bi. Na cire katin na naɗe shi daban, don gargadar hanya tana iya karya ramin, na rungume akwatin a cinyata har Samaru. Kuɗin Umma na fara biya, a aikin renda na uku. Na Kawu ya ɗauke ni wata biyar, kuma ranar da na gama ya soke layin a littafinsa ya turo mini hoto.

Ba zan yaudare ku ba, injin ya tsufa. GTX 1060 ba shi da fasahar bin haske da ta zo da katunan RTX a 2018. Xeon ɗin ba ya cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Amma da shi na yi firojet ɗina na ƙarshe, kuma aƙalla mutum shida a ajinmu sun fitar da nasu a kansa, da layi, cikin dare. In dai kana hure masa ƙura lokacin hunturu kuma ka haɗa shi da sitabilaiza, zai kai ka inda za ka.

Katin jabun yana nan a kan teburina, ina danne takardu da shi. Duk wanda yake shirin sayen na hannu ya biyo situdiyo ya riƙe shi a hannunsa, ya ga yadda sitikar take ƙyalli har yanzu. In kuma kana jin nauyin zuwa kasuwa kai kaɗai, ka yi mini magana, zan raka ka da filashina. Allah Ya tsare mana ɗan abin da iyayenmu suke turowa.